In Za Ka Yi Wa Doctor Who Mita, Ga Yadda Ake Yin Ta

Duk wanda ya ce maka yana son Doctor Who amma babu abin da ke ba shi haushi a cikinsa, to jiya ya fara kallo. Shirin nan na BBC ya fara fita ranar Asabar, 23 ga Nuwamba, 1963, washegarin ranar da aka harbe Shugaba Kennedy na Amurka, kuma daga lokacin zuwa yau an yi fiye da kashi 800. Shekara 60 da ɗoriya ke nan masoyansa suna kallo suna mita, kaka ya bar wa ɗa, ɗa ya bar wa jika. Mitar ta zama gado, tana da tarihinta da ladubbanta da manyanta. Saboda haka kai ɗan'uwa da ka shigo kwanan nan, da ke 'yar'uwa da kika fara leƙe a wayar ƙaninki har abin ya kama ki, ku matso kusa in koya muku sana'ar. Ina son shirin nan, kuma ba na son a riƙa yi masa mitar jahilci.

Ga wanda bai san kan labarin ba: Dakta wani bawan Allah ne daga wata duniya mai suna Gallifrey, ɗan ƙabilar Sarakunan Lokaci, mai zuciya biyu a ƙirji. Ya sato wata na'ura da ake kira TARDIS ya gudu daga gida. Daga waje shuɗin akwatin wayar 'yan sandan Ingila ce ta zamanin da, ciki kuwa fada guda ce, kuma tana kai shi kowane wuri da kowane zamani, shi da abokin tafiya ko abokiyar tafiya. In mutuwa ta taso masa sai ya sake jiki, wani jarumin ya karɓi rawar. Larura ce ta haifi wannan dabara a 1966, lokacin da rashin lafiya ya hana jarumin farko, William Hartnell, ci gaba da aiki, aka ɗauko Patrick Troughton. Ita ta raya shirin har yau, kuma daga gare ta rabin mitar ke ɓuɓɓugowa.

Abu na farko, ka san Daktanka. Ba sai ka sha wahalar nema ba: wanda ka fara gani shi ne naka har abada, sauran duk 'yan riƙon ƙwarya ne. Dattawan da suka tashi a shekarun 1970 ba su san kowa ba sai Tom Baker, mai dogon mayafin wuyan nan na saƙa da ke jan ƙasa, wanda ya riƙe rawar daga 1974 zuwa 1981. Galibin waɗanda suka shigo bayan 2005 kuwa David Tennant ne gwaninsu. In ka san naka, sai ka koyi zagayen da kowane masoyi ke yi. Ranar da aka sanar da sabon jarumi, ka riƙe haɓa ka ce shi ke nan, an kashe shirin. Bayan kashi huɗu ko biyar, ka fara cewa yaron nan fa da ɗan dama-dama. Bayan shekara uku, daren da zai sake jiki, ka tanadi hankici. Da gari ya waye ka rantse babu mai iya gadonsa. Da aka sanar da Matt Smith a 2009 yana ɗan shekara 26, cewa aka yi yaro ne ƙarami. Da aka sanar da Peter Capaldi a 2013 yana da 55, cewa aka yi ya tsufa, alhali shekarun Hartnell ke nan cif lokacin da ya fara. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Ka yi zagayenka da zuciya ɗaya, hakkinka ne, sai dai ka riƙa tuna cewa kana cikinsa, don kada ka furta a watan farko abin da zai hana ka kuka a shekara ta uku.

Tufafi ma wuri ne mai albarka. Kwat ɗin da aka sa wa Colin Baker a 1984, mai ja da rawaya da kore da ruwan hoda a jiki ɗaya, ka yi masa mita yadda kake so, don shi kansa ya sha faɗa cewa baƙaƙen kaya ya nema aka hana shi.

Nan zan ɗan tsuke fuska. A 2017 aka ba Jodie Whittaker rawar, mace ta farko da ta ja ragamar shirin, a 2022 kuma aka sanar da Ncuti Gatwa, haifaffen Ruwanda wanda ya tashi a Sikotlan. An yi surutu mai yawa, kuma wani ɓangarensa ba mitar masoya ba ce, rashin tarbiyya ne. In labari ya yi rauni ka ce ya yi rauni. In an cika TARDIS da abokan tafiya uku har ba a san halin ko ɗaya ba, kamar yadda aka yi a zangon Whittaker na farko, ka faɗa, ni ma ina faɗa. Amma launin fatar mutum ba kuskuren rubutu ba ne. Mai cewa an ci amanar waɗanda suka kafa shirin kuma, sai ya sani Sydney Newman, ɗaya daga cikin iyayen shirin, ya rubuta wa shugabannin BBC tun 1986 yana ba da shawarar a mayar da Dakta mace wata rana.

Mu koma raha. Sai batun sukudireba. Dakta ba kasafai yake riƙe bindiga ba, kuma wannan na cikin dalilan da nake ganin girmansa. Abin da ke aljihunsa wata 'yar na'ura ce mai ƙara da haske, wadda aka fara nunawa a 1968, lokacin da aikinta bai wuce kwance sukuru ba. Yau tana buɗe kowace ƙofa, tana duba mara lafiya, tana rufe kwamfuta, tana gano inda dodo ya ɓuya, tamkar kwalbar mai tallar magani a tashar mota da ke warkar da basir da shawara da ciwon baya da yawan mantuwa. Katako dai aka ce ya gagare ta. Wannan mita tana da goyon baya daga sama, domin furodusa John Nathan-Turner ya sa an farfasa ta a 1982, a cikin labarin The Visitation, saboda ta sa marubuta sun daina wahalar nema wa Dakta mafita, kuma ba ta sake fitowa ba sai 1996. Ka ambaci wannan a majalisa, za a matsa maka kan benci. Sai dai ka yi hattara da abin da kake roƙo. A 2015 Capaldi ya ajiye ta ya koma sa baƙin tabarau mai irin aikinta, sai ga masu zaginta jiya su ne kan gaba wajen kiran a dawo da ita. Kafin shekarar ta ƙare aka ba shi sabuwa.

Akwai mitar da wa'adinta ya cika, kuma ita ke tona asirin sabon shiga. Dalek su ne manyan abokan gaban Dakta tun Disamba 1963. Terry Nation ya ƙago su, Raymond Cusick ya zana siffarsu: gangar ƙarfe mai faɗi daga ƙasa, ba ƙafa, ido ɗaya a kan sanda, hannu ɗaya bindiga, ɗayan kuma robar nan ce da ake zuƙe toshewar bututun wanke-wanke. Shekara da shekaru barkwancin shi ne, halittar da ke neman mallakar sararin samaniya ba ta iya hawa matakalar bene. To a 1988, a cikin Remembrance of the Daleks, wani Dalek ya tashi sama ya bi Daktan Sylvester McCoy kan matakala, a 2005 kuma aka maimaita don waɗanda ba su gani ba. In ka kawo zancen bene yau, manya za su kalli juna su yi shiru. Mitar da ke da rai ita ce, sau nawa za a ce an hallaka su kaf, kakaf, ba saura, sannan zango mai zuwa su dawo da dubbansu? Ka kuma riƙe 2010 a matsayin shaidar cewa magana tana tasiri. A shekarar aka fito da sababbin Dalek masu ƙiba, ja da shuɗi da rawaya da ruwan lemo da fari. Masu kallo suka ƙi su ƙememe, aka lallaɓa aka mayar da su bayan layi, masu launin tagulla suka dawo gaba.

Batun kuɗi kuwa kowane zamani da nasa kuka. A da, kusan duk duniyar da TARDIS ta sauka, ramin fasa dutse ne a wani gefen Ingila, kuma in labari mai kashi shida ya rasa abin cike gurbi sai a yi ta gudu a dogon lungu, a kama Dakta, ya kuɓuce, a sake kama shi. A The Ark in Space na 1975, fatar dodon ledar nan ce mai ƙurajen iska da ake naɗe kayan fashewa, aka fesa mata koren fenti. A 1984 an yi wani dodon ruwa mai suna Myrka, mutum biyu ne a cikinsa, kuma fentinsa bai gama bushewa ba aka fara ɗauka. Ka yi dariya son ranka. Amma ka kalli The Ark in Space ɗin har ƙarshe ka gani ko tsigar jikinka ba za ta tashi ba, inda wani kwamanda ke kallon hannunsa yana rikiɗewa, yana faɗa da abin da ke cin hankalinsa daga ciki. Labari ne ya yi wannan aikin, da kuma ɗan wasan da ya ɗauki leda da muhimmanci. Da kuɗin Disney+ suka shigo a 2023, komai ya yi sheƙi, sai mitar ta juya: ya yi ƙyalli da yawa, ya rasa ƙamshin gida. Daga cikin koke-koken zamanin nan biyu nake goyon baya ba kunya. Na ɗaya, kiɗan da ke danne maganar 'yan wasa har sai ka kunna rubutun ƙasa. Na biyu, gajartar zango. A 2005 kashi 13 ake yi, a 2024 da 2025 takwas-takwas ne. Kafin ka san abokiyar tafiya har ka damu da ita, an riga an fara yi mata bankwana.

Sannan Landan. Na'urar da ke iya zuwa ko'ina, me take nema a gari ɗaya? Dodannin sama ma kamar taswira ɗaya aka raba musu, kuma da Kirsimeti suka fi son zuwa. Sun zo a 2005, sun zo a 2006, har a kashin Kirsimetin 2007 marubucin shirin Russell T Davies ya nuna mutanen Landan sun watse daga gari tun kafin a iso, don sun koyi darasi. Ƙarin abin dariya, tun da aka dawo da shirin a 2005 a Kadif ta yankin Wales ake shirya shi, yawancin titunan Landan ɗin da kake gani na can ne. An ɗan share mana hawaye a watan Mayu 2025, da labarin The Story & the Engine, wanda ya gudana a wani shagon aski a Legas, kuma Inua Ellams, haifaffen Jos, ne ya rubuta shi. Ni tawa mitar tana nan daram: an kai mu ƙasar Aztek, an kai mu Rum ta zamanin Nero, an kai mu ƙarshen duniya, amma har yau TARDIS ba ta leƙa Kanon Muhammadu Rumfa ba.

Yanzu mun zo babban aji, wato tufka da warwarar labari. Nan ake gane malami. Ka fara da masu sauƙi. Shirin ya ba da dalilai uku daban-daban na halakar birnin Atlantis, a 1967 da 1971 da 1972. Masoya sun shafe shekaru suna gardamar ko labaran rundunar sojan UNIT da ke aiki da Dakta a shekarun 1970 suka faru ko a 1980, domin wani labari na 1983 ya zo ya hargitsa lissafin. Ƙirgen Daktoci ma ya rikice: a 2013 aka cuso John Hurt tsakanin na takwas da na tara ba lamba, Tennant shi ne na 10 kuma shi ne na 14, a 2020 kuma Jo Martin ta bayyana ba a san gurbinta ba. In ka ce wa mutum ya fara daga zango na 1, sai ya tambaye ka wanne, domin akwai na 1963, akwai na 2005, akwai na 2024. Fim ɗin 1996 na Paul McGann ya ce Dakta rabinsa ɗan Adam ne ta wajen uwa. Wannan an yi masa yarjejeniyar shiru, kowa ya kau da kai.

Uwar gardama ita ce dokar sake jiki sau 12. Shekaru masu yawa masoya sun riƙe ta gam: rai 13 Dakta ke da shi, daga nan sai kabari. A Kirsimetin 2013 marubuci Steven Moffat ya sa mutanen Gallifrey suka ƙara masa sabon zagaye. A 2020 marubuci Chris Chibnall ya tafi da nisa, ya ce Dakta asalinsa tsintacciyar yarinya ce daga wani wuri da ba a sani ba, mai sake jiki ba iyaka, daga jikinta Sarakunan Lokaci suka samo baiwar, sannan aka goge mata tunani. Ni wannan bai kwanta mini ba, kuma ga dalilina. Abin da ya sa Dakta ya shiga raina shi ne, ba wani shafaffe da mai ba ne a garinsu. Ɗalibi ne da ya ci jarrabawa da ƙyar, ya gaji da zaman kallon zalunci daga nesa, ya saci na'ura ya fita taimakon mutane. In ka mayar da shi tushen kowa da komai, ka rage darajar wannan zaɓin da ya yi da kansa. Ka ga yadda ake yi: ka faɗi abin da ya ɓata maka rai, ka kawo dalili daga cikin labarin.

Amma kafin ka ɗaga murya cewa an karya doka, ka binciki ranar haihuwarta. Dokar 12 ɗin nan ba ta cikin shirin a shekara 13 na farko. Marubuci Robert Holmes ne ya sako ta a 1976, a cikin The Deadly Assassin. Kuma da labarin ya fito, shugaban ƙungiyar masoyan shirin na lokacin ya rubuta sharhi mai zafi yana kukan an lalata komai, domin an nuna Sarakunan Lokaci tsofaffin 'yan siyasa ne masu ƙulle-ƙulle da ciwon ƙugu, bayan an saba ganinsu da kwarjini. Yau labarin nan yana cikin waɗanda ake yabo a sahun gaba. Wato dokar da 'yan baya ke karewa da haƙori ta fito ne daga labarin da magabatansu suka yi wa tofin Allah tsine.

Ka kuma tausasa harshe, don ba ka san inda rana za ta faɗi ba. A 1986 wani saurayi ɗan shekara 16, da tabarau da kwat, ya fito a shirin BBC mai suna Open Air tare da 'yan ƙungiyarsu, ya zauna yana sukar zangon shekarar a kunnen marubutansa, Pip da Jane Baker, yana cewa labarin ya cika maimaici. Sunan saurayin Chris Chibnall. Bayan shekara 30 da 'yan kai aka danƙa masa alƙalamin shirin gaba ɗaya, masu kallo kuma suka tono hoton bidiyon nan suka yi ta yawo da shi duk ranar da ya ɓata musu rai. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ka yi suka irin wadda za ka iya saurara in an kunna maka ita kana kan kujerar.

Kada wannan ya sa ka ji kunyar sana'ar. Masu mitar nan su suka riƙe shirin lokacin da masu shi suka sake shi. A 1985 BBC ta dakatar da shi wata 18, masoya suka tayar da ƙura a jaridu. A Disamba 1989 aka rufe shi, kuma in ban da fim ɗin 1996, shekara 16 aka yi ba sabon zango. A tsakanin nan masoya suka ci gaba da rubuta littattafan labarinsa, kamfanin Big Finish ya fara wasannin sauti da tsofaffin jaruman a 1999, mujallar shirin da aka kafa a 1979 ba ta daina fita ba. Davies da ya dawo da shi a 2005 ya taɓa rubuta ɗaya daga cikin littattafan nan. Tennant ya ce shirin ne ya sa shi sha'awar wasan kwaikwayo tun yana ƙarami. Capaldi kuwa yana saurayi ya addabi ofishin shirin da wasiƙu.

Mita mafi gaskiya a duk tarihin shirin ita ce ta ɓatattun kashi. Tsakanin 1967 da 1978 BBC ta riƙa goge kaset-kaset na tsofaffin shirye-shirye don a sake ɗaukar wasu a kansu, ta kuma zubar da kwafen fim da yawa, saboda kaset na da tsada kuma ba wanda ya hango zamanin bidiyon gida. Har yau fiye da kashi guda 90 na zamanin Hartnell da Troughton babu su. Kashin da Dakta ya fara sake jiki a cikinsa ma yana cikin ɓatattun, sai ɗan guntun da ya tsira. Sautinsu kuwa duk yana nan, domin akwai yara da samari da suka riƙa kafa rikoda a gaban talabijin ranar Asabar suna hana mutanen gida tari. Da wannan sauti ake zana wasu labaran da hoton katun yanzu.

Inda abin ya shafe mu shi ne, BBC ta sayar wa gidajen talabijin na ƙasashen waje kwafen fim, ciki har da na Najeriya, kuma ba duka aka mayar ba. A tsakiyar shekarun 1980 an samo wasu labaran Hartnell a ƙasar nan. Sai a watan Oktoba 2013 aka sanar cewa wani mai farautar tsofaffin finafinai, Philip Morris, ya tarar da gwangwanayen fim a ɗakin ajiyar wata tashar talabijin a Jos. Kashi tara da aka fid da rai da su suka dawo, adadin ɓatattu ya sauko daga 106 zuwa 97. Labarin The Enemy of the World ya cika, The Web of Fear kuma ya rage kashi na 3 kawai, wanda a cikinsa ne aka fara ganin sojan nan Lethbridge-Stewart, babban aminin Dakta na duniyarmu.

Saboda haka ga aikin gida. In kana da kawu ko baffa ko gwaggo da suka yi aiki a tsofaffin gidajen talabijin na Kaduna ko Jos ko wani gari, ka kai musu ziyara da goro, ka tambaye su ko sun san wani ɗakin ajiya da aka daɗe ba a buɗe ba. In akwai gwangwanin fim mai tambarin BBC, kada a buɗe shi a rana, kada a sayar wa 'yan gwangwan, a sanar da shugabannin tashar su tuntuɓi masu shi. In an shiga ɗakin kuma, don Allah a duba mana lafiyar kaset ɗin Samanja da na Karkuzu.